Zafin rai a titunan Yamai: tambayoyi da amsoshi ga masu tuƙi

Akwai mutumin da ba ya wuce maƙwabci bai tsaya sun gaisa ba, amma da zarar wata mota ta yanko gabansa a shataletalen Gadafawa, abin da ke fita daga bakinsa sai ka rantse ba shi ba ne. Tambayoyin nan su ne suka fi yawo tsakanin masu mota, ƴan moto da ƴan taksi, har da matan da ke zaune a kujerar gefe suna jin abin da ba su so ji ba.

Ina da sanyin hali a gida da wurin aiki. Me ya sa da na hau titi nake zama wani mutum dabam?

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko jiki ne. Idan mota ta faɗo maka ba zato, jiki ba ya tsayawa tambayar ko da gangan aka yi. Nan take yake sakin sinadarin adrenalin cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, hannu ya damƙe sitiyari. An halicci wannan ne don mutum ya tsere wa haɗari ko ya kare kansa. To kai kuma kana zaune cikin kujera, ba gudu ba kokowa, sai ƙarfin ya nemi mafita ta baki, ta oda, ko ta ƙafar da ke kan totur. Sau da yawa tsoro ne ke fara zuwa, fushin ya biyo bayansa.

Na biyu, ba ka ganin fuskar mutumin. A Babbar Kasuwa in wani ya taka maka ƙafa, za ku haɗa ido, ya ce "yi haƙuri, Malam", ka ce "ba komai", magana ta mutu. A titi bayan mota kawai kake gani da lamba, sai zuciya ta cika sauran da kanta: raini ne, ya ga motata tsohuwa ce, ya ga ni ɗan moto ne. Alhali ranar da kai ka yi irin wannan yankan, dalilinka a shirye yake: yaro ne ba lafiya, ko madubi bai nuna maka shi ba. Shi ma yana da nasa dalilin. Ba lallai ya zama mai kyau ba, amma da wuya ya kasance kai ne dalilin. Bai san ka ba, kafin ya kai jar wuta ta gaba ya manta da kai.

Mutanen Yamai ne suka lalace, ko garin ne ya yi mana kaɗan?

A 1960 mazauna Yamai ba su fi dubu talatin da ɗoriya ba. Ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya, unguwanni kuma har yau miƙewa suke. Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ita kaɗai ta ɗauki duk mai tsallaka kogi zuwa unguwar Harobanda da jami'ar Abdou Moumouni har tsawon shekara arba'in, kafin gadar ƙawancen Sin da Nijar ta zo a 2011, sannan ta Janar Seyni Kountché a 2021. An yi gadojin sama irin ta Mali Bero da ta Diori Hamani, kuma sun rage wahala. Sai dai manyan kasuwanni da ma'aikatu da babban asibiti suna nan a tsakiya, can kowa yake nufa da safe, daga can kowa yake fitowa da yamma. Kwalta ɗaya ce kuma ta mai babbar mota, da mai moto, da amalanken jaki, da mai tura kurar ruwa, da ragunan da aka koro daga kasuwar dabbobi ta Turaku in Layya ta gabato.

Sanin wannan ba zai buɗe maka hanya ba, amma zai raba ka da tunanin cewa kai aka yi wa cunkoson. Cunkoson kasuwar Katako ba yau ya faɗo daga sama ba, haka yake jiya, haka zai kasance gobe. Wanda ya san da shi, ya kuma fito a makare, bai karya ba, kai cike da maganar kuɗin haya, rabin fushinsa daga gida ya ɗauko shi. A ganina wannan ita ce babbar magana a duk lamarin. Kwatan awa ɗaya da ka ƙara wa lokacin fitarka ta fi duk wata dabarar da za a koya maka bayan ranka ya riga ya ɓaci.

Da gaske ne zafin rana yana ƙara faɗa, ko uzuri ne kawai?

Da gaske ne. Wani bincike da aka wallafa a 1986, wanda aka yi a Finiks ta Amurka, gari mai zafi irin namu, an sa mota ta ƙi tashi bayan wuta ta ba da hannu, ana auna odar na baya. Yadda zafi ya ƙaru haka oda ta ƙaru, musamman daga masu gilashi a buɗe, wato marasa kilim, na'urar sanyaya mota. A Yamai Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 kusan kullum, dare ba ya sanyi, in aka ɗauke wuta mutum ya kwana yana juyi a tsakar gida, gari ya waye ya hau titi. Ka ajiye ruwa a mota. Aiken da zai iya jira, bar shi sai bayan la'asar.

Ƴan taksi da faba-faba (ƙananan bas na haya) su ke ɓata mini rai fiye da kowa. Yaya zan yi da su?

Ka duba yadda aikin yake. Taksi mai jan kai yana tafe da fasinja biyu, sauran kujeru wayam. Idon direba rabi a titi yake, rabi a bakin titi. Wata mata da kwano a ka ta ɗaga hannu. Ya taka birki, ya karkato ta tagar dama, ta ce "Wadata". Ya waiwayi na bayansa, ya auna a ransa ko hanya ta zo ɗaya, ya girgiza kai, ya fizgi mota ya koma titi ba sigina. Duka cikin daƙiƙa biyar. Haka zai yi ta yi tun safe har dare, don kafin ko dala ta shiga aljihunsa sai ya haɗa kuɗin mai mota na ranar da kuɗin mai.

Wannan ba ya wanke shi. Tsayawa ba sigina laifi ne, kuma yana kashe ƴan moto. Amma abin da ka san tabbas zai faru bai kamata ya riƙa ba ka mamaki kullum ba. Kusa da kasuwa ko tasha kada ka manne a bayan taksi. Ka bar tazarar daƙiƙa uku: in ya wuce wani turken wuta, ka ƙirga uku a hankali kafin kai ka iso wurin. A gudun kilomita 50 a awa mota tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafarka ta kai ga birki ka riga ka share tsawon mota uku. In kuwa ka daki bayansa, galibi kai za a ɗora wa laifi, duk irin tsayuwar da ya yi.

Kuma a faɗi gaskiya, mai motar gida da ya faka a layi na biyu ya kunna wutar haɗari ya shiga sayen kilishi bai fi ɗan taksin komai ba. Shi ko uzurin neman abinci ba ya da shi.

Fushin ya riga ya taso, zuciyata na tafasa. Me zan yi nan take?

Fara da ƙafa: ɗaga ta daga totur. Mai fushi yana ƙara gudu bai sani ba. Sannan ka fitar da numfashi a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, ka maimaita. Dogon fitar da numfashi yana rage bugun zuciya, aikin jijiya ne ba camfi ba. Sassauta hannu a sitiyari, saki haƙora. Kada ka nemi haɗa ido da mutumin, kada ka jera da shi don ka ga ko wane ne.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wasu mutum biyu sun yi zage-zage a gaban Annabi (SAW) har fuskar ɗayan ta yi ja, sai ya ce ya san kalmar da in mutumin ya faɗa abin zai rabu da shi: A'uzu billahi minas shaiɗanir rajim. A wata ruwayar ta Abu Dawud an ce mai fushi in yana tsaye ya zauna. Kai da ke cikin mota an riga an zaunar da kai, abin da ya rage kada ka tashi. Mafi yawan rigimar da ta kai ga jini daga buɗe ƙofa ta fara.

In ka ga hannunka yana rawa, ka ratse a gidan mai ko inuwar bedi, ka wanke fuska, ka ba kanka minti goma. Sinadarin da ya shiga jini ba ya sauka da zarar ka ce ka haƙura, sai ya ɗauki lokacinsa.

An yi mini daƙuwa, an zagi mahaifiyata. Wannan ma in haɗiye?

Ɗan'uwa, nan ne wurin ya fi ciwo, ba mai musun haka. Amma wanda ya watso maka yatsu biyar ta taga bai san sunan mahaifiyarka ba, ita kuma tana gida ba abin da ya same ta. Abin da zai same ta shi ne a kira ta daga kamisariya ko daga asibiti. Duka da gangan laifi ne a doka, kuma ranar shari'a raunin da ka yi za a duba, ba wanda ya fara yanke hanya ba. Ba ka kuma san me ke ƙarƙashin kujerarsa ba, wuƙa ce ko ƙarfen kwance taya, ba ka san abin da ya sha ba.

A ƙasar da kowa ke manne da rediyo da talabijin lokacin kokowar takobi, hadisin nan bai buƙatar dogon bayani: mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Idan shi ne ya biyo ka, yana kunna maka wuta yana neman ka tsaya, kada ka tsaya kuma kada ka nufi gida ka nuna masa ƙofarka. Kulle ƙofofi, ka bi babban titi zuwa kamisariya mafi kusa ko inda ɗan sanda ke ba da hannu. Masu "ka san ko ni wane ne?" ba su cika son maimaita tambayar a can ba.

Oda fa?

Gajera guda ɗaya tana cewa "ga ni nan". Doguwa zagi ce, kuma haka ake karɓarta. Wanda ke danna oda tun kafin koriyar wuta ta gama kamawa, alhali shi ne na bakwai a layi, bai matsar da kowa ba.

In na yi sauri ina kutsawa, ai dai ina rage lokaci?

Yi lissafin da kanka. Tafiyar kilomita 5, a gudun 40 minti bakwai da rabi ce, a gudun 60 minti biyar. Minti biyu da rabi ke nan, shi ma in babu jar wuta ko ɗaya a hanya. A cikin gari kuwa wanda ka sha gabansa da ƙyar yakan zo ya tsaya kusa da kai a wuta ta gaba. Ga abin da ka biya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mummunan hatsari da kashi 4 cikin 100, kuma mai tafiya a ƙasa da aka buge a gudun 65 haɗarin mutuwarsa ya ninka na gudun 50 sau huɗu da rabi. A Yamai mai tafiya a ƙasan nan sau da yawa ɗan makaranta ne ko almajiri da robarsa.

Wutar mahaɗa ta mutu, kowa ya cusa kai. Wa ke da hanya?

In akwai ɗan sanda, hannunsa ya fi wuta da allo. In babu shi kuma babu allo, na damanka ne ke da hanya. A shataletale mai allon ba da hanya, wanda ke ciki shi ke gaba. Sai dai ranar da aka cakuɗe, dokar da ta fi aiki ita ce kada ka shiga tsakiya in ba ka hango mafita ba. Mota ɗaya da ta toshe tsakiya ta isa ta tsayar da hanyoyi huɗu.

Ni ɗan moto ne. Masu mota suna matse ni kamar ba mutum ba ne.

Ƙanena, kana da gaskiya, da yawansu ba sa ba moto haƙƙinta. Amma faɗa tsakanin mota da moto ba a yin canjaras, shi fenti zai rasa, kai ƙafa. Wani lokacin ma bai gan ka ba ne: gefen dama na babbar mota da bayan faba-faba wurare ne da madubi ba ya kamawa, can kuma ƴan moto suka fi son kutsawa. Dukan jikin mota da tafin hannu don ka huce, wannan gayyatar rigima ce. Ka sa kaske, wato hular kwano, ka ɗaure igiyarsa, ba rataye shi a hannu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida.

Ni mace ce. Da na ɗan yi jinkiri sai in ji "ai mace ce". Yana ƙona mini rai.

Hajiya, alƙaluman duniya sun nuna maza sun ninka mata kusan sau uku wajen mutuwa a hatsarin hanya, don haka masu wannan magana ba su ne malaman tuƙi ba. Ki riƙe layinki da gudun da kika natsu da shi. Kada oda ta sa ki faɗa mahaɗa kafin ki tabbatar, don in abu ya faru mai odar wucewa zai yi abinsa.

An goge mini mota. Ta yaya zan karɓi haƙƙina ba tare da faɗa ba?

Kowa ya san yadda ake yi. An ji ƙwas, motoci biyu sun tsaya a tsakiyar titi, kowa ya fito bai ko dubi ɓarnar ba ya nufi ɗan'uwansa. Kafin ka ce me, masu sayar da katin waya da ƴan moto da masu talla sun kewaye, kowa ya zama alƙali har wanda bai gani ba. Ana ta "makaho ne kai?" da "a ina ka sayi permi?", sai wani dattijo da carbi a hannu ya ratso ya ce, "Ku yi wa Allah ku bari, ba rai aka rasa ba." Sannan ne za a sunkuya a ga ashe fitila ce ta tsage.

Ka fara daga inda dattijon ya ƙare. "Sannu, Alhaji, ba wanda ya ji ciwo dai?" Wannan tambayar tana kashe rabin wutar. Ɗauki hoton motocin yadda suke tsaye, da lambobi, da wurin da ya lalace. Daga nan hanya biyu ce. In ɓarnar ƙarama ce kuma kun fahimci juna, ku janye daga titi, ku je wurin bakanike ko mai gyaran jiki tare a yanka kuɗi a gaban kowa. In ba ku daidaita ba, ko ɓarnar babba ce, kada a motsa motocin, a kira ƴan sanda a lamba 17 su yi konsta, wato su auna su rubuta yadda hatsarin ya faru. In akwai rauni, ƴan kwana-kwana a 18 su ne farko. Ka sanar da kamfanin asiransinka (inshora) cikin kwana biyar na aiki, wa'adin da aka saba bisa dokar CIMA, ƙungiyar inshora ta wasu ƙasashen Afirka da Nijar ke cikinta.

Haƙuri ba ya nufin ka yafe kuɗin gyara. Mai magana a natse da hotuna a waya ya fi mai ihu samun haƙƙinsa. In kuma mutum ka buge, taro ya fara zafi har kana tsoron ranka, ka wuce kai tsaye kamisariya ko wurin jandarmomi ka kai kanka. Tafiya gida sunanta gudu, laifi ne na biyu a kan na farko.

Da azumi, gab da shan ruwa, garin kamar an saki mahaukata.

Haka ne, awar nan ta fi kowace muni: yunwa, ƙishirwa, ƙarancin barci, kowa yana son kiran salla ya same shi a kan tabarmarsa. Ajiye dabino da ruwa a mota, shi ke nan ka cire dalilin gudun. Ba wanda azuminsa ya ragu don ya buɗe baki a bakin titin Tillaberi. Wanda ya neme ka da zagi kuma, amsar da aka koya wa mai azumi ita ce "ni ina azumi".

Maigidana in yana tuƙi ba ya barin kowa, yara suna baya suna ji. In na yi magana sai ya juyo kaina.

Cikin zafin ba a gyara shi. A lokacin duk abin da kika ce ji zai yi kin goyi bayan wancan. Ki bari sai an dawo, an ci abinci, an natsu, ki gaya masa abin da kika ji a bakin yaro yana wasa da motar gwangwani. Uba da yawa da ba sa jin maganar mata suna jin wannan. In abin ya wuce baki, ya kai ga bin mota a guje ko taka birki da gangan a gaban wani alhali kuna ciki, wannan maganar rai ce. Ki sa yayansa ko amininsa da yake jin nauyi ya zauna da shi, kuma kina da damar cewa yara ba za su shiga ba sai an gyara.

Yaushe ne zafin rai ya zama abin zuwa likita?

In kusan kullum sai ka yi faɗa a hanya, in ka taɓa bin wani ko ka fasa wani abu, in kana isa gida fushin bai sauka ba har ya shafi iyali, ko kana jin nauyi a ƙirji da ciwon kai bayan rigima. Masu bincike na jami'ar Harvard sun tattara nazarce-nazarce a 2014, suka ga cikin awa biyu bayan mummunan fushi haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa kusan sau biyar, na shanyewar ɓarin jiki fiye da sau uku. Ga mai lafiya da ke fushi jefi-jefi haɗarin ƙarami ne. Ga mai hawan jini ko ciwon sukari da ke yi safe da yamma, lissafin dabam ne.

Direbobin haya su faɗa wa likita gaskiya game da tramol da sauran ƙwayoyin hana gajiya. Suna ɓoye gajiyar ne kawai, suna gurɓata hukuncin mai tuƙi, ranar da babu su kuma rai ya fi saurin ɓaci. Awon hawan jini kuwa ba ya cin minti biyar, ana yi a likitar unguwa, wasu kantunan magani ma suna yi. Ka zauna ka huta kaɗan kafin a ɗaura maka abin awon, don wanda ya sauko daga moto yanzun nan awonsa kan nuna sama da yadda yake.